Ki Kwantar da Jikokin Kwalba Ki Zo

Sabon Tasha, Kaduna.

Zuwa ga ɗiyata Scholastica,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da sanyin Jamus ɗin nan da kika ce yana shiga har cikin haƙori. Allah ya tsare ki, ya ƙara miki ƙarfin aiki. Mu nan sai godiya. Ƙanenki Ebenezer yana nan da kekensa mai ƙafa uku yana ɗaukar fasinja tsakanin Sabon Tasha da Kakuri, ya yi tumbi, kuma har yau bai kawo mana yarinya mun gani ba. Gwaggonki Rebecca ta kafa rumfar doya a bakin titi a Gonin Gora. Ni kuwa gwiwa ke yi mini tsiya, amma bakina lafiya lau, kin san shi bai taɓa kwanciya asibiti ba. Ki yi haƙuri da rubutun. Wanda ya gudu daga aji biyu na sakandare ya shiga masaƙa, iyakar abin da ya kwaso ke nan. Na ƙi kiran ki a waya ne don mamanki ba ta barin gefena in ta ji muryarki.

Ran Lahadi bayan sujada dattawan coci suka tsare ni, wai in faɗa musu aikinki. Na gyara hula na yi musu lacca. Na ce kina kiwon ƙwayoyin halitta a cikin kwalabe, kina ba su wani jan ruwa kamar zoɓo, kina ajiye su a akwati mai ɗumi kamar 'yan tsaki. Na ce kuma ke ce mai gwada allura da ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya, don ƙwayar cuta ko ta mutu tana barin dafi a baya, dafin da ke sa mutum zazzaɓi da makyarkyata, kuma da jinin wata ƙaguwar teku ake gano shi, jinin ma shuɗi. Dattijo Sylvanus ya ce ashe duk karatun nan makiyayiya na haifa. Na ce ƙwarai, kuma na fi shi jikoki, sai dai nawa a kwalba suke.

To ɗiyata, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Duk Kirsimeti kina cewa ba a barin jikokin nan, in ba a canja musu ruwa ba sai su mutu. Ni na gane, na yi kiwon kaji. Mamanki ce ta fahimci abin daban. Tun da kika turo bidiyon nan kina sanye da farar riga da safar hannu da takunkumi, kina fesa magani a kan komai, ta ƙulla a ranta cewa gidanmu ne ya yi miki datti shi ya sa ba kya zuwa. Sai ta kama dafa kaya. Kofuna, cokula, zanen gadonki, labulen ɗakinki, har matajina, ni da ba ni da gashin kirki. Don in nuna mata ni ma uban 'yar boko ne, na ce ai kin gaya mini tafasa ba ta kashe wannan dafin. Na zaci za ta yi dariya ta huta. Sai ta ce to za ta riƙa dafawa sau biyu.

A watan jiya ta sauke tukunya za ta juye a baho, sai ta zuba ruwan a gefe, a kan ƙafarta. Kada hankalinki ya tashi, ƙunar ta warke. Amma rana tsaka ce, kuma kin san bahon nan, da shi muke yi muku wanka ku biyu. Na tambaye ta, ta ce bahon ne ya matsa. Na kai ta asibitin ido. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana ci. Na hagu ya tafi. Na dama yana gani kamar mai leƙe ta cikin bututu. Akwai maganin ɗigawa da ke rage masa gudu, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ta sa na yi alkawari ba zan gaya miki ba, wai kada ki rikice ki ɓata aikin mutane. In kin zo ki tsaya a tsakaninmu, don za ta dafa ni.

Yanzu hotonki sai ta kai wayar har kan hancinta. Da yamma takan tambaye ni ko kin rame. Ina cewa kin yi kumatu irin na gidanmu, tana cewa ƙarya nake yi kamar kullum, ita dai sai ta gani da kanta.

Na tuna kin taɓa gaya mini kuna da wata tukunyar sanyi mai hayaƙi, in an sa jikokin nan a ciki sai su yi barci shekara da shekaru, in an tashe su su ci gaba da rayuwa kamar ba a yi komai ba. Na tambayi likita ko akwai irinta ta ido. Ya fara dariya, da ya dubi fuskata ya daina. Don haka ki roƙi oganki, ki kwantar da su, ki zo. Kada ki jira Kirsimeti. Su za su jira ki.

Ebenezer yana gaishe ki, ya ce shi zai ɗauko ki a tashar jirgi da keke, kada ki ji kunya. Gwaggo Rebecca da Dattijo Sylvanus suna gaisuwa. Hajiya Halima ta Unguwar Mu'azu, ƙawar mamanki, ta ce tana sa ki a addu'a. Mamanki ba ta san da takardar nan ba, amma kofinki yana kife a kan tire, an dafa shi sau biyu. Ki zo ki sha ruwa a ciki tana kallo.

Ni ne babanki, kakan kwalabe,
Shekari