Ta Gefen Hagu

Litinin, 3 ga Maris
Likita ya ce hawan jinin ido ne. Hutun wata guda, ɗigon magani safe da yamma, sannan a sake gwaji kafin in koma tuƙin bas. Na gaji da zaman gida tun ban fara ba.

Laraba, 5 ga Maris
Uwar yara ta kore ni daga falo, wai na zame mata ƙarfen ƙafa. Ta ajiye min kujera a bayan gida, tsakanin igiyar shanya da tankin ruwa, ta miƙo min kwano da burbushin burodi. "Ga fasinjojinka nan, Malam, sai ka yi lodi." Gwara ne da kurciyoyi. Ban yi dariya ba. Na dai watsa musu.

Asabar, 8 ga Maris
Magani, kujera, barci. Bayana ma ciwo yake, ni da ban yi aikin komai ba.

Talata, 11 ga Maris
Sun fara sanina. Gwara sai rigima, kamar masu rububin shiga mota a tasha. Kurciya kuwa sai kowa ya ci take matsowa. Akwai wata mai ɗingishi, ita nake jefa wa nata kusa da ƙafata. Na zuba musu ruwa a tsohon murfin tukunya. Har ƙwayar idonsu ina gani tar. To ina ciwon yake? Na ce wa uwar yara likitan nan ya cika zuzuta abu. Ta ce, "Uhm."

Alhamis, 13 ga Maris
Dogo abokin aikina ya leƙo. Wai sabon direban da aka ba motata yana neman kashe mata kuloci. Raina ya ɓaci. Ya ce manaja zai sa baki, in dai ina karanta allon gwaji ba sai an tsananta ba. "Kai da ka san hanyar nan ko ido rufe!" Allo kam har layin ƙasa nake karantawa.

Lahadi, 16 ga Maris
Ban so rubuta wannan ba.

Da hantsi ina zaune, mai ɗingishin tana tsince-tsince ta hagu da ni. Sai kawai na ji fuffuka da salatin uwar yara daga tagar kicin. Kafin in juya, magen maƙwabta ta haye katanga da ita a baki.

"Malam, ba ka gan ta ba? Tun daga gindin katanga take laɓaɓowa. Na ɗauka kallonta kake, za ka kore ta."

Na ce hankalina ne ya tafi wani wuri. Ta dube ni, ta koma wanke-wankenta.

Hankalina bai je ko'ina ba. Idona biyu, ina kallon gabana. Mage sukutum, fara ma, rana ƙwal.

Talata, 18 ga Maris
Ban fita ba. Ina jin su suna ta hayaniya a kan tanki.

Laraba, 19 ga Maris
Na kafa ido a kan tanki, na ce uwar yara ta tako a hankali daga hagu. Sai da na ji ƙamshin sabulu a hannunta sannan na gan ta. Muka sake, haka dai. Ta dafa kafaɗata.

A hanyar da nake bi akwai makarantar firamare. Ta wannan gefen na hagu ƙofarta take, kuma yara ba sa duba hanya in an tashe su.

Litinin, 24 ga Maris
Dogo ya kira. Na ce ya gaya wa manaja na gode, amma kar ya sa baki, a bar likita ya yi gwajinsa duka. Ya ce, "Ka san abin da zai biyo baya?" Na ce ana kirana, sai an jima.

Na je kasuwa sayo wa tsuntsayen tsaba, burodi ba ya isarsu. A bas na je, kujerar baya. Ƙaramin ƙulli na yi niyya, sai ga ni da buhu. Uwar yara ta ce, "Wannan ai sai ya kai su baɗi." Na ce ya fi araha ne kawai.

Ba ta yi musu ba. Ta kama ɗaya kunnen buhun muka shigar da shi.