Lamba Bakwai ta Sha Ruwa

Yamai, farkon bazara

Zuwa ga Yayana Illo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargidanka Ummu Salma da yara da duk mutanen gida. Yaya gwiwar nan taka, tana barinka zama a maƙera kuwa? Yaya zafi? Nan dai ko dutse ka taɓa sai ya ƙone ka. Ka gai da matata Batulu, ka ce mata ƙuli-ƙulinta ya iso.

Na rubuto ne don waya ba ta yi mana rana. Masaɓa ta cinye maka kunne, in na yi gabas ka yi yamma, kati ya ƙare ba mu ce komai ba.

Ga abin da ake ciki. Tsohon da ke koya wa mutane wasa a filin golf ɗin da nake aiki zai huta, idonsa ya gaji. Komite ya ce a cikinmu 'yan ɗaukar jaka za a fid da magajinsa. An tace, saura mu biyu, ni da wani saurayi Isma'ila, mutumin Dogon Dutse. Za mu kara kafin ruwa ya sauka, wanda ya ci shi ne malami. Malamin kuwa ana ba shi ɗaki da rumfa a bakin fili. Ka gane inda na dosa. In na samu, Batulu da yara za su taho. Ɗiyata Najaha har ta shiga lekol, makarantar boko, ba ta san ni sosai ba sai a hoto. Kafaɗata ma ta gaji da ɗaukar jakar mutanen da ba su san sunana ba, sai dai su kaɗa yatsa.

To ana cikin haka na yi abin da kowa a filin nan yake ce wa hauka: na canza ƙarafan bugu. Waɗanda nake da su a da masu kwarmi ne a baya, zubi aka yi musu kamar tukunyar dalma, faɗi gare su, ko ka buga a karkace sai su rufa maka asiri ƙwallo ta tafi. Sababbin, wani likita da ya koma ƙasarsu ya bar mini, na ba da tsofaffin aka ɗinka mini jaka aka sake mini robar mariƙa. Lam ake ce musu don sirantarsu. Yaya, da ka gan su da ka jinjina musu. Ƙira ce, ba zubi ba. Dunƙulen ƙarfe guda aka buga, babu kwarmi, naman duk yana ƙasa a bayan fuska, daidai inda ƙwallo ke taɓawa. In ka kuskure tsakiya ko da faɗin farce ne, zafin sai ya hau maka har gwiwar hannu, ƙwallon ta faɗi nan gabanka kowa yana kallo. In ka dace kuwa ba ka jin komai, kamar lokacin da guduma ta sami jan ƙarfe yana daidai nunarsa.

Shekara da shekaru ashe tsofaffin ƙarafan nan suna yi mini ƙarya. Satin farko yatsuna har kumbura suka yi. Amma ta yaya zan koya wa wani gyara bugunsa, ni ban san inda nawa ke karkacewa ba? Yanzu na fara sani. Baba ya ce hannuna ba na ƙira ba ne, ya ba ka maƙera, kuma bai yi zalunci ba, ka fi ni nesa ba kusa ba. Duk da haka da na so a ce ya riƙe ɗayan ƙarafan nan.

Aibinsu ɗaya, taushi. Filinmu ba ciyawa, yashi ne da tsakuwa da marmara, duk wanda na buga da shi sai ya dawo da tabo, abin yana ci mini rai. Kowane ƙarfe da lambarsa da nisan da yake kai ƙwallo. Shekaranjiya lamba bakwai ta sami dutse a ƙarƙashin yashi, wuyanta ya lanƙwashe. Mai gyaran irinsu ya bar garin tun da Turawa suka ragu. Na duba duk Yamai ban ga wanda zan yarda ya ɗora mata guduma ba. Shi ya sa na ba Cha'ibu direba ya kawo maka, tare da lamba takwas don ka ga yadda wuyan yake tsayawa. Ka miƙe mini ita, Yaya. Ita ce wadda na fi dogara da ita.

Ka ce wa Batulu ta fara ɗaure kaya a hankali, amma kada ta gaya wa maƙwabta tukuna.

Naka ƙane,
Munkaila

Yamai, tsakiyar bazara

Yaya Illo,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan kuna lafiya yadda na bar ku, da Ummu Salma da Batulu da yara. Ni ma lafiya lau, in ban da abin da za ka ji.

Cha'ibu ya kawo saƙo. Na kwance tsumman a tasha, na zauna a kan buhun wani na daɗe ban tashi ba.

Yaya, me ka yi mini haka?

Bari in fara da gaskiya. Wuyan ya miƙe. Na jera ta da 'yan'uwanta a jikin bango, ko injin ba zai tsayar da ita haka ba. Wannan na gode. Amma wa ya ce ka sa ta a wuta? Ta tafi fara tana ƙyalli, ta dawo baƙa kamar gindin tukunya. Cha'ibu ya ce ka murza ta da magagari ka ga tana ci kamar sabulu, ka girgiza kai ka ce Turawa sun cuci ƙanenka, sun sayar masa da ɗanyen ƙarfe. Ya ce ka gasa ta da gawayin ƙirya da ƙahon sa, ka ba ta ruwa irin na gatari. Sannan da kake goge tabon duwatsu ka haɗa har da layukan fuskarta ka shafe, wai ka ga tsaga ce. Yaya, layukan nan su ke kama ƙwallo su murza ta, don in ta sauka ta tsaya. Taushin nan da na yi ta kuka da shi, shi ne daɗin abin. Kuka ne irin na mai ƙorafin ɗansa ya cika ƙiriniya, ba cewa na yi a canza mini ɗa ba. Ka mayar da sandar ma ka buga mata ƙusa kamar ƙotar lauje, ka kuma danna mata ɗigon nan uku na gidanmu a baya.

Na gwada ta. Ƙara take kamar an jefi faranti, hannu ba ya jin komai sai girgiza, ƙwallo ta tashi ta miƙe sak amma ba ta san tsayawa ba. A cikin ramukan da ake jefa ƙwallo a filin akwai wani gajeren rami da ake tsallake kwari kafin a kai shi, bayansa ƙaya ce. Nisan ramin nan nisan lamba bakwai ne, ba shida ba, ba takwas ba.

Ran nan na zage ka a zuciyata, ba zan ɓoye ba. Na ce haka kuke kullum a gidan nan, Munkaila ya faɗi abu, a yi masa abin da aka ga ya fi. Sai Cha'ibu ya ƙara mini da cewa manoman Kurni da Dawce suna zaune da haiwoyinsu suna jiran gyara kafin shuka, ka bar su ka wuni a kan ƙarfena, har wani ya yi fushi ya kwashe nasa ya tafi. Ya ce da ka gama ka ɗaga ta kana nuna wa mutane, kana cewa yanzu ko dutsen Yamai ta sara sai dutsen ya ji. To me zan ce? Ni ne ban rubuta maka a sanyi za a miƙe ta ba. Na san wanda na aika wa. Maƙerin da ya ga ƙarfe ba ruwa ya mayar wa mai shi haka, ai ba ɗan Baba ba ne.

Isma'ila ya ga halin da nake ciki, ya zo ya ce yana da wata lamba bakwai da ba ya amfani da ita, in ɗauka. Yaron kirki ne, in faɗi gaskiya, kuma bugunsa ya fi nawa nisa. Na gode masa ban karɓa ba. Tasa mai kwarmi ce, hannuna ya riga ya bar can, in na cakuɗa sai in rasa duka biyun. Na yanke shawara zan riƙe lamba shida a gajarce in sassauta bugu. Ina ta gwadawa, tana yi. Taka kuma tana cikin jaka, alƙalin wasa ya juya ta ya yi dariya ya ce ba ta ƙara mini komai ba, in riƙe abata.

Kada ka sa abin a ranka har ya hana ka cin tuwo, na san ka. Ku dai yi mini addu'a. Batulu ta ci gaba da shiri.

Ƙanenka,
Munkaila

Yamai, ƙarshen bazara

Yayana Illo,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta iyali. Na ji an yi yayyafi wajen Yauri ta kusa da ku, Allah ya sa a wadace mu. Takardarka ta zo, wadda yaron Malam ya rubuta maka. Ban taɓa jin ka ba wani haƙuri ba tun da aka haife ni, sai da na karanta wurin na sake karantawa. Da zakaran da ka ce an yanka sadaka, Allah ya karɓa.

An yi wasan ranar Asabar. Ban ci ba.

Bari in ba ka yadda aka yi, don kada Cha'ibu ya ba ka da gishirinsa. Na yi wasan da ban taɓa yin irinsa ba. Ƙarafan nan sun biya ni wahalar da na sha a kansu, inda na nufa nan ƙwallo ke zuwa. Isma'ila ya fi ni nisa, ni na fi shi saiti, muka yi ta tafiya kunnen doki har ramin kwarin nan, wanda daga shi sai na ƙarshe. Ya buga tasa ta sauka gefe, ba laifi. Na sa hannu a jaka zan zaro shida kamar yadda na shirya.

Sai wani cikin abokan Isma'ila, ba shi ba, ya ɗaga murya ya ce, “Baba Munkaila, ba za ka fito da fartanyar ba? Ko sai an yi ruwa?” Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, “Ku bar shi, maƙerin ƙauyensu ne ya yi masa, da ita ake kaftu.” Har manyan komite suna murmushi. Isma'ila ya ce su yi shiru, amma an riga an faɗa.

Yaya, ni na zage ka, wannan tsakanina da kai ne. Amma wani ɗan da bai taɓa riƙe awartaki ba ya tsaya a gaban mutane ya yi wa aikinka dariya? Ban san lokacin da na saki shida ba. Na zaro baƙar, na ce musu maƙerin sunansa Illo, a Matameye yake, su buɗe ido.

Na buga. Wallahi tun da na fara wasan nan ban taɓa samun tsakiyar ƙarfe kamar wannan ba. Ƙwallon ta tashi kamar an ja zare, ba dama ba hagu, ta nufi tutar da ke bakin ramin. Dariya ta ɗauke. Ta sauka taki ɗaya gaban rami, har wani ya yi kabbara. Sannan ta yi abin da na san za ta yi. Ta zame, ta wuce, ta gangara cikin ƙaya. Kafin in fito da ita bugu biyu sun tafi, a ramin ƙarshe kuma yaron bai yi kuskure ba.

To ka ji. Kada ka ce kai ne. Shida tana hannuna, na san abin da ya kamata, na zaɓi wanda na zaɓa. Raina ya ɓaci, har yanzu a ɓace yake, ɗakin nan da rumfarsa na riga na gama jera kayan Batulu a ciki a zuciyata. Amma Isma'ila da hannunsa ya ci, zai kuma iya aikin. Ya zo har inda nake wanke ƙafa ya tsuguna, ya ce zai roƙi komite su ba shi mataimaki, ko zan yarda. Na ce ya tambaye ni bayan damina. Ya kuma roƙi in ba shi lam ɗaya ya gwada. Ya buga, ya yar da ita yana yarfe hannu. Wannan kaɗai ya sa ni dariya ranar.

Masu cewa in koma wa masu kwarmi sun yi ta faɗa. Ba zan koma ba.

Batulu ce ban san yadda zan yi da ita ba. Kada ka bari ta ji a bakin direba. Ka kira ta da kanka, ka zaunar da ita, ka ce ta kwance kayan. Ka ce mata ba ita za ta zo ba, ni zan zo.

Don lamba bakwai tana bukatar a zare mata ruwan nan. A gasa ta a binne a toka mai zafi ta huce a hankali, a sake yanka mata layukanta ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin magagari, a cire ƙusar nan. Kai kaɗai za ka iya. Amma ba zan sake ba Cha'ibu ita ba, kuma ba zan bar ka da ita kai kaɗai ba, kada in dawo in tarar ka yi mata kaifi. Ni zan kawo ta ranar kasuwa mai zuwa in Allah ya yarda. Ka kori wanda ke kan zugazugi, ni zan zauna, ina hura maka wuta ina kallon hannunka. In na yi magana kuma ka juyo da kunnen da ke ji.

A gai da Ummu Salma, ta tanadi rake. A shafa mini kan Najaha.

Wassalam. Ƙanenka mai ƙaunarka,
Munkaila