Hoton Kwali Ba Ya Shayar da Albasa

Yaya Mahmuda,

Ina gaisuwa. Yaya Inna da mutanen Kore Mairuwa? Ni lafiya lau nake a Faransa, abinci ne dai ba ya shiga.

Injin ban ruwa mai aiki da rana, wanda na sa masu garka na garinmu suka biya tun ba a ƙera shi ba, har yau shiru. Kamfanin ya ce zai iso watan azumi, ya koma ya ce bayan layya. Jiya kuma hoton kwalin injin suka aiko, suna yaba haƙurinmu!

Na ji Kawu Abdussalamu ya sayar da tsohon injinsa saboda maganata, yanzu guga yake ja. Kada ka ba shi haƙuri, na ba shi sau uku. Kai masa injinmu. Gara albasarmu ta ƙone da a daina gaida Inna a kasuwa.

Allah ya rufa asiri.

Ƙanenka, Faruku