Tagar da Na Bari a Buɗe

Assalamu alaikum, jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada ku yi saurin yanke mini hukunci. Ajin yaƙi da jahilci kawai na yi, ku yi haƙuri da rubutuna.

Cikin markar bana ne, da ruwa ya yi yawa har masara ta kwanta a gonakinmu na Dandume, kowa zuciyarsa a jiƙe. Ni mai shara ce a wata jami'a, da aikin nake riƙe 'ya'yana huɗu. Ofishin da nake sharewa na wata Dakta ne, shekara uku tana fama ita kaɗai da tsofaffin takardun ajami, rubutun tun kafin zuwan Turawa. Ba mai leƙa ta sai ni da Baba kafinta, dattijon da ke gyaran ƙofofi da tagogi, wanda ko sannu ba a ce masa.

Ran Laraba bayan ta tashi, na ga ta ɗora 'yar takarda a kan ɗaya daga cikin tsofaffin takardun, ta rubuta "Mahuta". Garin kakata! Na buɗe taga don haske, na tsaya ina haɗa baƙi ko zan ga sunan wani namu, aka kira la'asar, na fita na manta. Ruwa ya shigo, tawada ta narke, shafi bakwai suka tafi. Me ya kai ni? Wa ya aike ni karatu?

Da safe ran Alhamis na tarar da Dakta zaune a ƙasa tana kuka. Ta ce, "Inna, ko hotonsu ban ɗauka ba. A rufe kika bar tagar?" Na ce, "A rufe, Dakta." Sai aka ce ai sakatar da Baba ya sa ce ba ta kama ba. Aka ba shi takardar tuhuma, ran Litinin za a zauna a kansa, ana maganar kora.

Washegari na kai masa koko da ƙosai, da niyyar in faɗa masa gaskiya. Ya karɓa ya ce, "'Yata, ke kaɗai kike ganina a wurin nan. Ni dai na san sakatata, amma wa zai saurari kafinta?" Na ɗauki tsintsiyata na wuce.

In na faɗa, ni za a kora. In na yi shiru, shi. Yau Asabar, jama'a. Me zan yi?