Hoton Baba na Bilma

Yaya Alhusaini,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin can? Ya Mariyama da yara? Mu nan Agadas lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Tsohuwar ordinatar nan, kwamfutar da ka bar mana, ta ci amanarmu. Maƙwabciyarmu Gaisha ta kawo kile, ɗan filashin nan, ta kwashi waƙoƙin biki, ashe da birus, cutar kwamfuta, a ciki. Hotunan marigayi Baba duk sun tafi, har wanda yake ɗaurin gishiri a Bilma yana dariya.

Mai gyara ya ce laifin ginin tsohon sistem ne: gida ne marar zaure, duk wanda ya shigo sai ƙuryar ɗaki. Sabon da ya sa mana a ƙofa yake tsayar da baƙo, sai na ba da izini da lambar sirri. Na ce masa mu Baba bai taɓa kulle wa baƙo ƙofa ba. Ya ce wancan zamanin ya wuce.

Inna kullum sai ta ce in buɗe mata hoton nan. Har yau ban faɗa mata ya tafi ba, dabara kawai nake yi mata. Don Allah duba ko kana da shi.

Ka gaida kowa, ka sa mu a addu'a. Ka hanzarta, Yaya, dabarata ta kusa ƙarewa.

Ƙanwarka,
Hadiza