Bajimi da Sauro

Drachten, 3 ga Maris

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan ka tashi lafiya. Yaya ƙarfin jiki, yaya hannun? Sietske ta ce ranar Lahadi kai ka riƙe kofin shayi da kanka, har ka yi mata faɗa da ta so ta taya ka. Ƙanwar tawa kuka ta yi, ni kuwa na ce sauƙi ya samu, tunda faɗa ya dawo.

Na yi abin da ka sa ni. Ka ce tunda kuɗin gidan jinya ba zai bar mu da motocin tsere biyu ba, in auna wadda ta fi cin kuɗi a ranar da ake buɗe filin tsere na Assen ga irinmu masu yi don sha'awa, in sayar da ita, kada in duba ta wa ce. Jiya muka zauna da Douwe makaniki a gareji.

Baba, motarka, Bajimin nan naka, bai kyauta ba. Tayoyi huɗu fita biyu suke yi masa, ga man fetur lita ɗari da ashirin kafin yamma, birki kuwa ba a magana, saboda nauyinsa. In aka haɗa, Yuro dubu ɗaya da ɗari biyar ne duk fita, ban da kuɗin shiga. Sauro tawa, da kake yi wa dariya kana cewa keken ɗinki ce, ɗari biyar ke isarta, tayarta kuma sai ta yi fita biyar. Douwe ya ajiye biro ya ce, "Kai Wiebe, wannan ai ko makaho ya shafa ya sani. Motar tsohonka taya take ci kamar burodi."

Ban ji daɗin cin wannan gardamar tamu kan motar wa ta fi ba, ko da yake shekara goma sha ɗaya ina neman ranar. Na daɗe a tsaye ina kallon hular kwanonka a kan kantar gareji.

Ka gaida masu kula da kai.

Ɗanka,
Wiebe

Drachten, 21 ga Maris

Babana,

Ina gaisuwa, da fatan jiki yana ƙara kyau. An ce ka taka har bakin taga da sanda. Allah ya ƙara sauƙi.

Ban iya faɗa maka baki da baki ba, shi ya sa na rubuto. Na saɓa maka. Sauro na sayar, wani mutumin Zwolle ya zo da tirela ya ɗauke ta ranar Asabar. Kuɗin na hannun Sietske, zai kai mu ƙarshen shekara mai zuwa.

Douwe ya kusa cinye ni. Ya ja ni gaban Bajimi ya nuna mini agogon injin. Ka san ba da kilomita muke ƙirga ran inji ba, da awa ne. Awa tara suka rage a buɗe shi a yi masa garambawul, aikin Yuro dubu tara, kuma ba mu da su. Ya ce, "Fita uku ke nan, sarkin wayo. Daga nan sai ku shuka fure a cikinta."

Gaskiyarsa ne, amma akwai abin da lissafinmu bai taɓo ba. Sauro kujera ɗaya aka ƙera ta da ita, babu inda za a ƙara wata. Bajimi yana da gurbin ta biyu. Kai ka cire ta tun tuni, kamar yadda kowa ke yi, don ka rage kilo goma sha huɗu. Na samo ta a saman gareji, ƙarƙashin kwalayen kayan Kirsimetin marigayiya Mama. Na wanke ta, na ɗaure, Douwe ya sa sabon bel na ɗaure jiki yana ta mita.

Likitarka ta yarda in zagaya filin da kai a kujerar nan, da sharaɗin zagaye biyar a hankali, sai hutu. Na san ba za ka sake riƙe sitiyari ba, Baba, kai ma ka sani, ko da yake ba mu taɓa furtawa ba. Abin yana ci mini rai. Amma ba na son filin nan idan kai kana ɗaki kana jiran in zo in ba ka labari.

Sha biyu ga Afrilu zan zo in ɗauke ka, ƙarfe bakwai na safe. In ka ga dama ka yi mini faɗan tun daga nan har Assen, zan saurara.

Ka huta lafiya.

Naka har kullum,
Wiebe