Ramuwar Zinariya

Fulatan, ƙasar Karaye
Watan Safar, 1974

Zuwa ga ɗana Halliru,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Kaduna, yaya aikin dako, yaya tarin nan da ka tafi da shi? Mu nan sai godiya. Rumbu yana yadda ka bar shi, ɓeraye ma sun yi mana sallama. Sau ɗaya ake ɗora tukunya, da magariba, dusa da tafasa.

Maganar 'yarka ce ta sa na ɗauki alƙalami, wato amaryata Zinariya. Ka tuna da azumin da ya wuce tana yin rabin yini, ni kuma ina ce mata zan ɗinke mata biyu su zama ɗaya. Maiɗakinka kuwa haihuwa ta sa ta sha, yanzu take ramuwa. To wata safiya yarinya ta ishe ta da kukan koko, babu abin damawa, sai uwar ta ce mata ai ita ma sai ta rama rabin da ta sha. Nan take kuka ya tsaya.

Ban ga laifin uwar ba, don gidan ya samu shiru. Sai dai amarya ta riƙe abin da gaske, har ruwa ta bari. Da azahar takan zo ta tsaya gefen buzuna ta bi ni salla, leɓe duk ya tsage, tana harara ta wai na faye gaggawar ruku'u. Shekara takwas fa! Salla kam ta isa a umarce ta, amma azumi ba ya hawa kan yaro sai ya balaga, balle ramuwa. Kai sai da muryarka ta buɗe na daina kawar da kai in na gan ka bakin randa.

A gaida mutanenmu da ke can.

Mahaifinka,
Sulle

Fulatan
Watan Mauludi

Halliru,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka. Ɗanmaliki direba ya ce ya ba da takardata a tasha, ban sani ba ko ta same ka.

Zafi ya sauka, rijiyar unguwa sai laka. Na zaunar da yarinyar na gaya mata babu ramuwa a kanta. Dariya ta yi mini. Wai ta gano ni, so nake ta karya in samu abin yi mata gori. Wai ba ni ne na ce mata kura tana zuwa kasuwar Rogo sayen daddawa ba? Ka ji sakamakon wasan jika. Shekara takwas ina zuba mata ƙarya tana yarda, ranar da na faɗi gaskiya ta ƙi.

Na kai ta wurin Malam Nasidi, ya faɗa mata haka nan. Muna fitowa ta ce ai abokina ne, baki muka haɗa.

Uwar ce kaɗai za ta iya warware abin da ta ƙulla, ka kuma san tsakanina da ita. Tun da aka kawo ta gidan nan ba mu taɓa haɗa ido ba. Jiya dai na ajiye kunya, na tsaya bayan danga na yi gyaran murya, na yi magana kamar da zana nake. Can ta ce, ita ma kamar da zanar take, in ta gaya wa yarinya ba azumi ba ne, me za ta ce mata ne? Na ja takalmina.

Ka aiko da saƙo da sunanka, ko layi ɗaya, ka ce ta sha ruwa. Maganarka ba ta wasa da ita.

Mahaifinka,
Sulle

Fulatan
Bayan Mauludi

Ɗana,

Ina gaishe ka, Allah ya sa kana lafiya. Ka nemi wuri ka zauna.

Ƙyanda ta shigo gari, ta kama Zinariya. Jiki kamar garwashi, ga gudawa. Uwar ta durƙusa tana kuka ta gaya mata gaskiya, amma zazzaɓi ya riga ya rufe ta. Abu ɗaya ta riƙe: ba a kira magariba ba. In an kai moɗa sai ta datse haƙora. Da dare takan kurɓa kaɗan, gari na wayewa ta rufe baki.

Ranar Talata rana tana tsaka na ga idonta ya faɗa. Na sa aka toshe taga da tsumma, aka saki asabari aka ƙara da bargo, ɗaki ya yi duhu. Muryata ta sani, tunda ni ke kiran salla a unguwa. Na zaga bayan ɗakin, na kafa baki jikin bango, na kira salla a hankali yadda maƙwabta ba za su ji ba, inuwata tana ƙarƙashin ƙafata.

Da na shiga na tarar ta buɗe baki da kanta. Ta yi bisimilla ta sha, ta ƙara. Sannan ta tambaye ni ko na yau ya karɓu. Na ce ya karɓu.

Ruwan bai zauna ba. Washegari kafin la'asar ta cika. Mun kai ta gabas da gari, kusa da kakarta.

Da magariba ta yi na hau dakalin masallaci kamar kullum, na ɗaga hannu zuwa kunne, murya ta ƙi fita. Muntaka maƙwabcinmu ne ya kira, shi ke kira har yau.

Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri. Ka taho gida.

Mahaifinka,
Sulle